Dorugu, Yaron Dambanas da Ya Ara wa Linjila Harshensa

A cikin watan Disamba na shekara ta 1852, hunturu ya riga ya kankama, wani ƙaramin ayari da ya baro Kukawa ta Barno ya ratso ƙasar Mangawa ya sauka a Gure. Madugun ayarin Bature ne Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarim. A zamanin nan Gure ce fadar ƙasar Muniyo, Muniyoma Koso kuwa shi ke bisa gado, yana bin Shehun Barno. Baturen ya je fada gaisuwa, ya miƙa tsarabarsa kamar yadda aka saba, ya kuma rubuta abin da idonsa ya gani: duwatsun da garin ya jingina da su, da kwarjinin sarki, da tulin bashin da fatake ke bin sa. Duk wannan yana nan cikin littattafansa. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne wani yaro ɗan shekara 12 ko 13 da ke cikin barorin ayarin yana hidimar kaya. Sunansa Dorugu. Shi za mu ba da tarihinsa yau, domin ɗan ƙasar nan ne, kuma duk mai karanta Hausa da baƙaƙen boko, har da mai riƙe da wannan jarida, akwai abin da ya gada daga wahalar yaron nan.

Da suka tashi daga Gure suka nufi yamma, suka ratsa ta Mirriya, suka shiga birnin Damagaram ran 25 ga Disamba. Ranar nan ce Kirista ke bikin haihuwar Almasihu, watau Kirsimati, wadda a nan muka fi sani da Nowel, kuma har yau ranar hutu ce a ma'aikatun ƙasarmu. Shekara huɗu bayan haka yaron zai kasance zaune a wani ɗaki a Ingila, ana tambayarsa kalma bayan kalma yadda za a ba da labarin wannan haihuwa da Hausa.

An haifi Dorugu wajen shekara ta 1839 ko 1840 a Dambanas, wani ƙauye na ƙasar Kance, kudu maso yamma da Damagaram. Ubansa manomi ne kuma makaɗi. Zamani ne na rashin kwanciyar rai ga talaka. Sarakuna suna da bashi a wuyansu, suna da gaisuwar da za su kai Kukawa, hanya mafi sauƙi kuwa ta biya ita ce a ɗaura sirdi a faɗa wa ƙauyuka a kwaso mutane. James Richardson, Baturen Ingila da ya zauna Damagaram a farkon 1851, ya ga shigowar irin waɗannan bayi da idonsa, yara da mata da tsofaffi, ya kuwa rubuta. A irin wannan hari ne aka kama Dorugu yana ɗan shekara 11 ko kusa da haka. Aka raba shi da gida, ya ratsa hannun ubangiji fiye da ɗaya, har ya tsinci kansa a Kukawa.

A can ya shiga hidimar Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, wanda mutanen Barno ke kira Tabib. Shi ne Baturen da aka ɗauko wa jirgin ruwa gunduwa-gunduwa bisa raƙuma tun daga Tarabulus, aka harhaɗa shi, ya kewaya tsibiran tafkin Cadi da shi. Overweg ya fanshi Dorugu ya ƴanta shi, tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega, wanda ya ɗan girme shi. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama Tabib, ya rasu a Maduwari bakin tafkin ran 27 ga Satumba 1852, yana da shekara 30. Richardson ya riga ya rasu tun Maris 1851. Barth ya saura shi kaɗai cikin Turawa uku da suka ƙetaro hamada, ya ɗauki yaran nan biyu, ya ƙudura niyyar zuwa Tambutu.

Tafiyar ta ci shekara biyu, zuwa da komowa. Daga Damagaram suka shiga Katsina, suka gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka ga Wurno da Sakkwato da Gwandu, suka ƙetare kogin Kwara a Say cikin Yuni 1853, suka isa Tambutu ran 7 ga Satumba. Can ne abin ya yi tsanani. Sarkin Masina, Amadu Amadu na Hamdallahi, bai yarda Kirista ya zauna a birnin ba, ya aiko a fitar da shi ko a miƙa shi. Shehu Ahmad Albakkay, babban malamin Kunta kuma jigon ɗariƙar Ƙadiriyya, ya tsaya tsayin daka ya hana, bisa hujjar cewa baƙon da ya shigo da amana, wanda ƙasarsa ba ta yaƙi da Musulmi, ba ya halatta a taɓa shi. Wata da watanni Barth yana ƙarƙashin inuwar Shehun, suna zama da almajirai suna muhawara a kan addini, kowa na riƙe da nasa, ana tashi lafiya. Yaron Dambanas yana cikin gidan da aka yi wannan zama. A ganina wannan ita ce makarantarsa ta fari.

Suka baro Tambutu a 1854, suka biyo gaɓar kogi ta Gawo har Say, suka bi ta Sakkwato da Kano suka koma Kukawa. A cikin Mayu 1855 Barth ya kama hanyar gida ta Kawar da Bilma da Murzuk, yaran suna tare da shi. Hanyar nan ce aka bi da dubban bayi zuwa kasuwannin arewa, ƙasusuwan waɗanda suka gaza suna zube kusa da rijiyoyi. Dorugu ya bi ta yana ɗa. Suka isa Tarabulus cikin Agusta, suka shiga jirgin ruwa zuwa Malta da Marsai, suka hau jirgin ƙasa suka ratsa Faransa, suka sauka Landan a farkon Satumba 1855. Daga baya Barth ya kai su Jamus, gidan iyayensa a Hambur. Hotonsu su biyu yana cikin littafin tafiyarsa mai juzu'i 5 da ya fito a 1857 da 1858.

Niyyar Barth ita ce ya mai da su gida, har ya shirya masu hanya. Sai wani mutum ya shiga tsakani. James Frederick Schön shi ma Bajamushe ne, an haife shi a 1803, fada ne na ƙungiyar mishan ta majami'ar Ingila da ake kira C.M.S. Ya yi aiki a Saliyo tun 1832, inda ya fara jin Hausa a bakin bayin da aka ƙwato daga jiragen masu fataucin mutane. A 1841 ya hau kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, a 1843 kuma ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa. Rashin lafiya ya mai da shi Ingila, ya zama limamin wani asibitin sojan ruwa a garin Chatham, ga ƙishirwar Hausa, ba Bahaushe ko ɗaya kusa da shi. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, har ya mutu kuwa bai taka ba. Da ya ji labarin yaran sai ya nemi a bar masa su. A 1856 suka koma gidansa maimakon su shiga jirgi. Barth ya ji zafin abin ƙwarai, tsakaninsa da Schön bai sake yin daɗi ba. Kowannensu yana da hujjarsa: ɗaya yana ganin alkawarin da ya ɗauka na mai da yara ƙasarsu, ɗaya yana ganin wata dama da ba za ta sake samuwa ba. Manya biyu ke ja, ƴantattun yara biyu na tsakiya.

Cikin su biyun Dorugu ne Hausa take harshen uwa gare shi, saboda haka a kansa aikin ya tsaya. Schön ya sa shi ya yi ta magana, shi kuwa yana rubutawa. Ya ba da tatsuniyoyi, ya ba da labarin ƙuruciyarsa da bautarsa da tafiye-tafiyensa, har da abin da ya gani a Turai. Mai karanta labarin zai ga yaro ne mai ido. Ya lura da yadda Turawa ke zama cin abinci, da yawan ƙa'idodin da suka ɗora wa kansu a bisa tebur, da irin suturar matansu, ya bayyana su kamar yadda matafiyansu suka saba bayyana mu. An buga labarin a 1885 cikin littafin Schön mai suna Magana Hausa. Kafin wannan zamani an daɗe ana rubuta Hausa da ajami, musamman waƙoƙin wa'azi irin na gidan Shehu Usmanu, su Nana Asma'u. Amma dogon zance na zube, da bakin talaka, a kan rayuwar talaka, da baƙaƙen boko, na Dorugu yana cikin na farkon farko. Hausar da ke ciki kuwa ta ƙasar Damagaram ce.

Sai dai ba don tatsuniya Schön ya riƙe shi ba. Burinsa shi ne juya Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Hausa. A 1857 aka buga Linjila ta hannun Matiyu, a 1858 aka buga littafin Farawa da Linjila ta hannun Luka, a 1859 littafin Fitowa. A nan ya kamata mu dakata mu bayyana abin da ake son faɗa da Hausar yaron nan, domin in ba a san nauyin kaya ba, ba a sanin ƙoƙarin jakin da ya ɗauka. Akasarin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, amma muna da maƙwabta da abokan aiki Kirista, ma'aikacin gwamnati kuwa na kowa ne. Abin da ya auku a Damagaram da Yamai cikin Janairu 2015, sa'ad da aka ƙone majami'u aka yi hasarar rayuka, ya isa ya nuna cewa sanin abin da maƙwabci ya yi imani da shi ba ɓata lokaci ba ne.

Ginshiƙin addinin Kirista shi ne wannan. Sun ce Allah ɗaya ne, kuma Kalmarsa tana tare da shi tun fil'azal, ba halittarta aka yi ba. Da lokacin da ya ƙaddara ya cika, sai Kalmar nan ta ɗauki jikin ɗan Adam a cikin budurwa Maryamu, aka haife shi a Baitalami, ya yi ƙuruciya, ya ji yunwa da gajiya da baƙin ciki kamar kowa. Wannan shi suke tunawa ran 25 ga Disamba. Abin da suka ƙara nanatawa, wanda sau da yawa na waje ba ya lura da shi, shi ne cewa al'amarin ba dabara ce da aka ɓullo da ita daga baya ba, kamar mai gida da ya tashi yaɓen rumbu bayan gara ta riga ta shiga. A wurinsu shiri ne da ke cikin nufin Allah tun ba a kafa duniya ba. Haka wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa ta koyar, haka ma wasiƙar Bitrus ta fari. Saboda wannan ne suke ɗinke Attaura da Zabura da littattafan annabawa wuri ɗaya da Linjila, suna karanta alkawarin da aka yi wa Ibrahim, da fitar Bani Isra'ila daga Masar, da sarautar Dawuda, a matsayin zango-zango na tafiya guda. Matiyu ma da jerin kakanni ya buɗe littafinsa, daga Ibrahim har zuwa Almasihu, abin da ba zai zama baƙo ba ga ɗan makaɗi da ya tashi yana jin ana jero asalin sarakuna. Ba abin mamaki ba ne da Schön ya gama Matiyu sai ya koma kan Farawa.

Malaman Kirista sun daɗe suna tufka da warwara a kan yadda za a faɗi wannan magana daidai. A taron Nikiya na shekara ta 325 suka tsai da cewa Kalmar ba halitta ba ce. Wanda ya fi kowa tsayawa a kan haka ɗan Afirka ne, Atanasiyus na Iskandariya ta Masar, wanda aka kora daga kujerarsa har sau 5 kafin rasuwarsa a 373. A taron Kalsidon na 451 suka ce Almasihu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum, ba tare da ɗaya ya haɗiye ɗaya ba. Daga baya wata tambaya ta taso a makarantun Turai: da a ce Adamu bai yi saɓo ba, da Kalmar za ta ɗauki jiki? Toma na Akwino, wanda ya rasu a 1274, ya karkata ga cewa littattafai sun ɗaura zuwan Almasihu da maganin zunubi, don haka bai kamata a wuce abin da suka faɗa ba. Duns Scotus, wanda ya rasu a 1308, ya ce ba ya yiwuwa mafi girman ayyukan Allah ya rataya a kan kuskuren bawa. A ganinsa Almasihu ne farkon abin da aka nufa, sauran halitta ta biyo baya. Manomi zai gane wannan hujja da sauri: girbi ne ƙarshen aikin gona, amma shi ne farkon abin da ke zuciyar mai gona tun bai ɗauki gatarin sassabe ba. Har yau akwai masu bin kowane ɗaya daga ra'ayoyin nan biyu, dukansu kuwa sun haɗu a kan cewa babu abin da ya zo wa Allah ba zato.

Musulmi kuma sun san inda suka tsaya. Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata gare shi, an haife shi ba uba, Alƙur'ani ya ambace shi da kalma daga Allah da ruhi daga gare shi, akwai kuma sura sukutum da sunan mahaifiyarsa. Amma malamai sun fassara kalmar da umarnin da Allah ya yi aka halicce shi. Bawan Allah ne kuma manzonsa, Allah kuwa ya tsarkaka daga haihuwa da ɗaukar jiki. Nan hanyoyin biyu suka rabu, rabuwa ta gaske, wadda babu amfanin a ɓoye ta.

To, ga inda wuyar aikin take. Hausar da Dorugu ya zo da ita ta riga ta sha Larabci ta ƙoshi. Allah, annabi, mala'ika, zunubi, aljanna, lahira, ruhu, duk suna cikin bakin kowane Bahaushe, ko ya yi karatun allo ko bai yi ba. Ta wata fuska wannan sauƙi ne, domin mai fassara bai rasa sunan Mahalicci ba, bai kuwa ƙago sabo ba. Har yau Kirista da Musulmi na ƙasar Hausa da suna guda suke kiran Ubangiji. Ta wata fuskar kuma kowace kalma ta zo da kayanta a ka. In aka ce kalma, mai sauraro ya riga ya san abin da malaminsa ya koya masa a kanta. In aka ce ɗa, abin da ke zuwa zuciyar Bahaushe shi ne aure da ciki da suna ran bakwai, alhali Kirista da kansu sun ce ba wannan suke nufi ba. Kalmar Girkanci da Yahaya ya yi amfani da ita a farkon Linjilarsa, wajen faɗin abin da Kalmar ta zama, asalin ma'anarta tsoka ce. In ka ce nama, ka kai mutane rumfar mahauta, ko ka tuna masu da namun daji. In ka ce jiki, ka bar rai da hankali a waje, ga shi kuwa akidar ta ce mutum ne cikakke. In ka ce mutum, ka sami ma'ana amma ka rage kaifin maganar. Har nahawu ma sai da ya sa baki, domin kalma a Hausa tamace ce, wanda ake nufi kuwa namiji. Shi ya sa mai buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa zai tarar an mai da ita namiji a wannan wuri, an rubuta Kalman inda ɗan makaranta zai sa ran ganin Kalmar. Ba kuskuren maɗaba'a ba ne.

Ba a zama ɗaya aka warware waɗannan ba, ba kuma mutum ɗaya ya warware su ba. Linjila ta hannun Yahaya ita ce ta fi zurfafa a kan zancen azal, Sabon Alkawari kuwa sai a 1880 Schön ya kammala shi, bayan Dorugu ya daɗe da barin Ingila. Amma da jarin kalmomin da ya tara daga bakin yaron ya yi wannan ciniki duka, haka ma littafinsa na nahawu na 1862 da ƙamus ɗinsa na 1876, waɗanda suka jawo masa lambar girma ta Volney daga Faransa a 1877 da digirin girmamawa na jami'ar Oxford a 1884. Yabon ya tafi ga wanda ya riƙe alƙalami. A gaskiya Schön bai ɓoye sunan Dorugu ba, ya ambace shi a littattafansa. Sai dai duniya ta saba, in an ga gini ana tambayar mai gida, ba a tambayar wanda ya kwaɓa ƙasa.

Waɗanda suka zo daga baya sun sake aikin kusan daga tushe, domin Hausar yaro ɗan shekara 16, da kunnen dattijon da bai taɓa zama cikin Hausawa ba, ba za su ɗauki irin wannan kaya su kaɗai ba. Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, su suka fito da cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, aka kuma yi sabuwar fassara a 1979. Ko sunan Almasihu sai da aka yi ta jayayya a kansa, ko a bar Isa da jama'a suka sani, ko a ɗauki Yesu da ya fi kusa da Girkanci. Yesu ya rinjaya a majami'u. Amma wajen faɗin abin da ba shi da farko, masu fassara ba su sami abin da ya fi kalmar malaman tauhidi ba, watau azal, suka ɗauke ta yadda take. Littafin nan na 1932 shi ƴan mishan na S.I.M. suka yi aiki da shi a ƙasarmu, bayan sun sauka Damagaram a 1924 da Tsibiri ta Gobir a 1927. Watau maganar da aka fara juyawa da harshen ɗan Kance ta yi shekara wajen 70 tana kewaye kafin ta iso inda aka haife shi.

An yi wa samarin biyu baftisma a Ingila. Dorugu ya sami suna James Henry, watau sunan Schön da na Barth aka haɗa masa, mutanen nan biyu da suka yi jayayya a kansa. Abbega ya koma Afirka tun 1857. Daga baya ya komo ga Musulunci, ya yi sarautar Lakwaja, jikansa Maimaina kuma ya zama sarkin Askira a ƙasar Barno. Dorugu ya zauna gidan Schön shekara 8, ya iya Turanci, ya iya karatu da rubutu, sai a 1864 ya komo.

Ga waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci akwai wani abin lura a nan. In ka ɗauki Magana Hausa yau, da ƙyar za ka karanta shafi ɗaya ba ka yi tuntuɓe ba. Kunnen Schön bai rarrabe baƙaƙen nan masu lanƙwasa da muke rubutawa ɓ da ɗ da ƙ ba, saboda haka a rubutunsa babu abin da ya raba kafa da ƙafa, ko dauka da ɗauka. Dorugu yana faɗinsu daidai, takarda ce ta kasa kamawa. An yi shekaru ana gyara, aka fara sa ɗigo ƙarƙashin baƙi, daga baya aka ƙera masu ƙugiya, har aka zo taron Bamako na 1966 inda aka zauna daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, Hausa na ciki. Allon da muka koyi a, ba, ca a kansa yana da dogon tarihi, ɗaya daga cikin sassan farko na tarihin nan kuwa a ɗakin Chatham aka yi shi.

Bayan komowarsa Dorugu ya ci abinci da harshensa, yana aikin tafinta tsakanin Turawa da mutanen ƙasa. Yana raye duniyar da ya sani ta juye. Rabe ya rushe Kukawa a 1893. Faransawa suka shiga Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903, aka ja iyaka tsakanin ƙasashen da ya ratsa da ƙafa yana yaro. Dambanas da Kance da Gure suka faɗo hannun Faransa, shi kuwa tsufa ya same shi a ɓangaren Ingila.

A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Nasarawa, bayan ganuwar Kano. Vischer da kansa ya ƙetare hamada a 1906 daga Tarabulus zuwa Barno ta Bilma, hanyar da Dorugu ya bi shekara 51 kafin nan. Yana neman waɗanda suka iya karanta Hausa da boko su taya shi koyarwa, su kuwa a lokacin ba su da yawa. Tsohon nan ɗan shekara 70 yana cikin waɗanda ya samu. Ya zauna yana koya wa malamai da ƴaƴan sarakuna baƙaƙen da aka fara gwadawa a kan muryarsa. Matar Vischer, Isabelle, ta ambace shi cikin littafin da ta rubuta da Faransanci a kan zamansu na Nijeriya ta Arewa, wanda ya fito a 1917.

Dorugu ya rasu a Kano a 1912, shekarar da Vischer ya buga ƙa'idojinsa na rubutun Hausa. Barth ya riga shi tun 1865, Schön kuma tun 1889. A 1971 masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka juya labarin rayuwarsa zuwa Turanci suka buga shi a Amurka, a littafi guda da labarin Maimaina, jikan abokin tafiyarsa Abbega.